James Watt, mutumin da sunansa ke kan takardar kuɗin wuta

Ko a Yamai ne, ko Garwa, Injamena ko Kumasi, duk wanda ya duba takardar kuɗin wutarsa zai ga haruffan kWh. Harafin tsakiya na James Watt ne, makanikin da ya rasu tun kafin lantarki ya shiga gidaje.

An haife shi ranar 19 ga Janairun 1736 a garin Greenock na Sikotilan. Ya koyi ƙera kayan awo a Landan, sannan ya kafa shago a Jami'ar Glasgow. A nan aka kawo masa ƙaramin injin tururi irin na Newcomen ya gyara. Ya lura injin na cin kwal a banza, domin a kowane bugu sai an zafafa cikinsa an kuma sanyaya. A 1765 ya samo mafita: a riƙa sanyaya tururin a wani mazubi dabam.

Dabarar ba ta kawo masa arziki nan da nan ba. Mai zuba masa jari, John Roebuck, ya karye, matarsa ta rasu a 1773, shi kuwa yana awon hanyoyin ruwa don ciyar da iyali. Al'amura sun daidaita bayan ya haɗa gwiwa da Matthew Boulton na Birmingham a 1775.

Daga nan awo ya zama tushen cinikinsu. Masu haƙar ma'adinai a Cornwall suna biyan su kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da sabon injin ya rage musu. Ga masu aiki da dawaki kuma, Watt ya tsayar da ma'aunin ƙarfin doki, wanda ya kai kusan wat 746 a lissafin yau. Da shi mai saye ke sanin dawaki nawa injin zai maye.

Ya rasu a watan Agustan 1819. A 1882 masana kimiyya a Birtaniya suka kawo shawarar sa sunansa ga ma'aunin ƙarfin aiki.

Kilowat ɗaya wat 1,000 ne. Dutsen guga mai wat 1,000 da ya yi awa ɗaya a kunne ya ci kWh ɗaya. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100. A Amurka ana yawan lissafa gas da therm, a Birtaniya a mayar da shi kWh. Kuɗin kan takardar na iya zama sefa, naira ko sidi, amma kWh ɗin iri ɗaya ne, kuma da shi mai gida zai gwada abin da mita ta nuna da abin da aka ce ya biya.