Robert Goddard (1882-1945) da Matsalar Linzamin Roka

Ranar 13 ga Oktoba, 2024, a gaɓar tekun Teksas ta Amurka, gindin wata roka ta kamfanin SpaceX mai tsawon mita kusan 70 ya dawo daga sama da wutsiya, hannuwan ƙarfe biyu na hasumiyar da ya tashi daga gare ta suka cafe shi. Abu uku ne suka sa haka ta yiwu: na'urar da ke sanar da roka ta karkace, injin da ake iya juya bakinsa, da wutar da ake iya ragewa ko ƙarawa. Dukkan ukun sun ratsa ta hannun mutum ɗaya wanda rokarsa ba ta taɓa kai tsayin kilomita 3 ba.

An haifi Robert Hutchings Goddard a garin Worcester na jihar Massachusetts ranar 5 ga Oktoba, 1882. Ya tashi da yawan laulayi, abin da ya jinkirta karatunsa. Ya sami digirin digirgir a fannin kimiyyar fiziks daga Jami'ar Clark a 1911, tarin fuka ya kwantar da shi a 1913, shekara ɗaya bayan haka kuma ya yi rajistar fasahohi biyu: roka mai hawa-hawa da roka mai amfani da mai na ruwa. Da cibiyar Smithsonian ta buga nazarinsa na 1919, wanda ya ambaci yiwuwar kai wa ga wata, jaridar New York Times ta yi masa ba'a, tana ganin roka ba za ta yi aiki ba inda babu iska. Jaridar ba ta janye maganar ba sai a Yulin 1969. Tun daga wancan lokaci ya zama mai ɓoye aikinsa.

Ranar 16 ga Maris, 1926, a wata gona a Auburn, ya harba roka ta farko mai aiki da fetur da ruwan oksijin. Ta yi daƙiƙa biyu da rabi a sama, ta kai mita 12, ta faɗa cikin fegin kabeji. Abin da ya fi dacewa a lura da shi a nan shi ne sigarta. Ya ɗora injin a sama, tankunan mai a ƙasa, bisa zaton za ta daidaita kanta kamar ƙwarya a ragaya. Amma ragaya a jikin azara take, injin kuwa a jikin rokar yake. In ta karkace, tare suke karkacewa. Wannan kuskure ne ya nuna masa cewa roka sai da linzami.

Da taimakon matuƙin jirgi Charles Lindbergh ya sami tallafin iyalin Guggenheim, ya koma Roswell ta jihar New Mexico a 1930. A can ya koma ga jairoskof, wato ƙarfen da ke juyawa da sauri. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa ya san sirrin: muddin tana juyi, ba ta yarda ta kwanta. Idan gangar roka ta kauce daga tsayuwar wannan ƙarfe, sai na'urar ta tura wasu ƙananan allunan ƙarfe cikin harshen wutar injin, su karkatar da ita, rokar ta miƙe. Ya fara gwada wannan a 1932; a Maris na 1935 wata rokarsa ta hau kusan mita 1,460 tana gyara kanta. A 1937 ya gwada juya wutsiyar gaba ɗaya tare da injin, dabarar da rokoki masu sauka suke dogara da ita a daƙiƙun ƙarshe, lokacin da gudu ya ragu har fikafikai ba su da iskar da za su kama. Su waɗannan fikafikai masu raga kamar rariya ba nasa ba ne. A Tarayyar Sobiyet aka bunƙasa su bayan rasuwarsa. Shi da laimar sauka yake ƙoƙarin ceto rokokinsa, sau da yawa kuma tarkace yake tsinta.

A ganin mai wannan rubutu, ba daidai ba ne a ce daga Roswell aka miƙe zuwa Teksas. Ɓoye-ɓoyensa ya sa wasu, musamman Jamusawa, suka warware matsaloli iri ɗaya da ƙarfin ma'aikata da kuɗin da shi bai taɓa samu ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa rundunar sojan ruwa aiki a Annapolis, inda ya ƙera injin da ake iya rage ƙarfin wutarsa. Ciwon dajin maƙogwaro ya yi ajalinsa a Baltimore ranar 10 ga Agusta, 1945. Matarsa Esther ce ta tattara takardunsa ta ci gaba da rajista, har fasahohin da ke ɗauke da sunansa suka kai 214. A 1960 gwamnatin Amurka ta biya dala miliyan ɗaya a kan amfani da su.