Margaret Dayhoff, Matar da Ta Gina wa Masana Rumbu

Kowane yaro a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, ya san amfanin rumbu. Komai wahalar da manomi ya sha da damina, in bai tara dammunan geronsa wuri ɗaya ba, gara da awaki ne za su ci guminsa. Haka ilimi yake. Wannan tarihin wata mata ce wadda ta ga masana suna girbin ilimi suna barinsa a warwatse, ita kuwa ta tashi ta gina masa rumbu. Daga aikinta ne aka sami fannin da ake kira bayo'infomatiks, wato nazarin halittu da kwamfuta.

An haifi Margaret Oakley ran 11 ga Maris, 1925, a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, ta kuma girma a Niyok. Ita ce ta zo ta ɗaya a ajinsu sa'ad da ta gama sakandare a 1942. Ta sami digirin lissafi a Jami'ar Niyok a 1945, sa'an nan ta zama dakta a fannin kemistiri a Jami'ar Kolambiya a 1948, tana da shekara 23 kacal. Tun a lokacin ta fara aiki da injunan lissafi masu karanta katin da aka huhhuda. A wannan shekara ce ta auri Edward Dayhoff. Bayan sun koma jihar Meriland a 1952, ta yi 'yan shekaru tana renon 'ya'yanta mata biyu, daga baya ta koma bincike.

A 1960 ta kama aiki a wata ƙaramar cibiyar binciken lafiya wadda Robert Ledley ya kafa. A nan ta gamu da matsalar da ta zama aikin rayuwarta. Jikinmu yana aiki da furotin iri-iri, kowane furotin kuwa kamar tsakiya yake, an jera shi da duwatsu iri 20 waɗanda ake kira amino asid. Yadda aka jera su shi ne ke nuna aikin da furotin zai yi. Frederick Sanger na Ingila ya yi kusan shekara goma kafin ya gama karanta jerin insulin a 1955, alhali duwatsunsa 51 ne kawai. Dole mai bincike ya gutsuttsura furotin, ya karanta kowane guntu, sa'an nan ya zauna yana neman yadda za su haɗu. Margaret da Ledley suka rubuta wa kwamfuta umarnin yin wannan haɗi, suka bayyana shi a 1962.

Amma jerin da masana suka gano yana nan a warwatse cikin mujallu dabam-dabam. Margaret da abokan aikinta suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna dubawa, suna gyara kurakurai. A 1965 suka buga littafin farko da ya tara su, mai suna Atlas of Protein Sequence and Structure. Jeri 65 ne kawai a cikinsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Domin kada wuri ya ƙare a katin kwamfuta, sai ta ba kowane amino asid harafi ɗaya maimakon uku, har yau kuwa da haruffan nan ake aiki. Ga misali daga gida. Duk mun san azabar ciwon sikila, mun kuma san gwajin AA da AS da SS da ake yi kafin aure. Furotin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wato himogulobin, yana da wani reshe mai amino asid 146. A gurbi na shida mai lafiya yana da E, mai sikila kuwa yana da V. Harafi ɗaya tak! Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci a 1957, amma tsarin Margaret ya sa ko ɗalibi zai jera layi biyu ya gan shi da idonsa.

Ba tarawa kaɗai ta yi ba. Ta riƙa gwada furotin iri ɗaya na halittu dabam-dabam, ta nuna da lissafi cewa na mutum ya fi kusa da na doki bisa ga na yisti. A 1978 ta fitar da jadawalin da ke nuna yawan yadda wani amino asid yakan maye gurbin wani, wanda masana suka daɗe suna auna kusancin furotin da shi.

Duk da haka ba ta sha da daɗi ba. Masana da yawa sun ɗauki aikinta kamar na akawu ne, ba na mai bincike ba. Ta roƙe su su aiko mata da sakamakonsu, kaɗan ne suka amsa. Kuɗin aiki bai isa ba, da ta sa wa littafin farashi kuma sai waɗansu suka yi gunaguni cewa tana sayar da guminsu. A 1982 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ba da aikin kafa babban rumbun ƙwayoyin gado, GenBank. Margaret ta nema, amma aka ba masanan Los Alamos. Ran 5 ga Fabrairu, 1983, ta rasu da bugun zuciya tana da shekara 57. Abokan aikinta suka ci gaba da rumbunta, a 2002 kuma aka haɗa shi da na Turai ya zama UniProt, mai ɗauke da miliyoyin jeri, wanda kowa zai iya buɗewa kyauta ta intanet.

To, mu ina ruwanmu? A 2017 masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT suka karanta ƙwayoyin gadon gero, abincinmu na kullum, domin neman sirrin jimirinsa ga fari da zafi. A watan Maris na 2020 masana a Jami'ar Redeemer's da ke Ede suka karanta na ƙwayar cutar korona, su ne kuwa na farko a Afirka. Rumbu a buɗe yake, abin da ya yi ƙaranci shi ne masu iya ɗiba. Malaman bayoloji da yawa sun yi karatunsu da madubin likita da allo, ba su taɓa gwada jeri biyu a kwamfuta ba, mutum kuwa ba ya ba da abin da ba shi da shi. Shi ya sa aka kafa ƙungiyar H3ABioNet a 2012, wadda ta horar da malamai da masu bincike a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. In aka horar da malami ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ɗaruruwan ɗalibai ne za su mora.

Abokan aikina malamai, mu tuna Margaret ba ta da digirin bayoloji. Sai da ta haura shekara 30, da 'ya'ya a gabanta, ta zauna ta koyi sha'anin jerin furotin. Gemu ba ya hana ilimi. Ku kuma ɗalibai, musamman 'yan mata, na ga waɗansunku suna zaɓen bayoloji domin su tsere wa lissafi. Ku sake tunani, gama a yau hanyar ɗaya ce. Wanda ya riƙe su biyu, shi ne zai hau rumbun nan ya ɗebo wa mutanensa.