Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ne ta wajen dukiya da dalar gyaɗa. Kaɗan ne suka san irin wuyar da ya sha kafin Allah Ya buɗa masa. Wannan ɓangare na tarihinsa muke son kawo wa jama'armu, musamman manoma da 'yan kasuwa na karkara.

An haifi marigayin a garin Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jagorantar ayari zuwa ƙasar Gwanja don sayo goro. Allah Ya yi masa rasuwa a 1885, lokacin Alhassan bai wuce shekara takwas ba. Da aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa kuwa, wadda ake kira Amarya, ta yi ƙaura zuwa Ankara ta ƙasar Gana, ta bar shi a hannun wata dattijuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunanta ne aka sami laƙabin Ɗantata.

A ganinmu wannan baiwar Allah ta cancanci a riƙa ambatonta fiye da yadda ake yi. Ita ta riƙe maraya, ta hore shi da tattali da ajiyar asusu, tun yana almajiri yana ƙwadago don samun abin sakawa a bakin salati. Ɗabi'ar nan ta tanadi ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yana matashi sai Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Fitinar ta shafi mutanen Bebeji ƙwarai. Aka kama Alhassan tare da wasu 'yan'uwansa, aka mai da su bayi. Ɗan madugu ke nan, ga maraici, ga bauta. Da Allah Ya kuɓutar da shi, bai zauna zaman jiran tsammani ba. Ya bi sawun iyayensa ya shiga ayarin Gwanja, yana kai kayan Kano yana dawowa da goro, tafiyar watanni a ƙasa, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi. Daga baya ya lura cewa jirgin ruwa tsakanin Ankara da Ikko ya fi sauri, goro kuma ba ya lalacewa a hanya, sai ya koma bin wannan hanya, yana cikin Hausawan farko da suka yi haka.

Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa. Yakan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka, shi ma manomi a ba shi kuɗi tun kafin kaka, a biya da amfanin gona. Ciniki ne da ba ya yiwuwa sai da amana, kuma da amanar ya tsere wa tsara. A 1929, da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin azurfar da ya ajiye.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga watan Agusta, 1955, aka yi masa sutura a gidansa da ke unguwar Sarari cikin birnin Kano. Ya bar 'ya'ya da dama, cikinsu har da marigayi Alhaji Sanusi da marigayi Alhaji Aminu Ɗantata. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.