Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo: Ɗan Amshin Da Ya Zama Jagoran Makaɗan Fada

Ran 13 ga watan Satumba na 1991 Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun rasuwa, bayan ya shafe sama da shekara 70 yana sana'ar kiɗa. Jama'a sun san shi a matsayin makaɗin sarakuna, amma ba kowa ne ya san cewa ya daɗe ƙwarai yana tsaye a bayan wasu, yana yi musu amshi, kafin a ji shi a gaba ba.

An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu na ƙasar Bakura, maƙwabciyar Talata Mafara, wajen shekarar 1907, lokacin da Turawa ba su daɗe da cin Sakkwato ba. A wancan zamani wannan yanki yana cikin Lardin Sakkwato ne, sai a 1996 ya faɗo cikin Jihar Zamfara. Kiɗa gado ne a gidansu. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, manomi ne kuma makaɗi, wanda ya yi kiɗan noma kafin ya zama makaɗin Sarkin Kayan Maradun. Wannan dangantaka da fadar Maradun ita ce ta sa ake haɗa sunan Musa da garin har yau.

Tun yana yaro ƙarami ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa. Laƙabin Ɗanƙwairo ma aro ne. Asalinsa sunan wani mutum ne mai zaƙin murya da ke tare da mahaifinsa, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka riƙa kiransa da sunan, har ya rufe na yanka.

Da mahaifinsu ya rasu, ba Musa aka ba jagoranci ba. Yayansa Kurna ne ya gaji gidan, shi kuwa aka naɗa shi Daudun Kiɗi, watau mataimaki. Aikin ɗan amshi ba ƙarami ba ne. Dole ya haddace waƙa, ya san inda jagora zai numfasa, ya karɓe ta ba tare da kiɗan kotso ya karkace ba, ya kuma iya yin ƙari idan jagora ya bar masa fili. A wannan makaranta Musa ya ƙware, shi ya sa da ya zama jagora ƙungiyarsa ta yi fice wajen amshi. Duk wanda ya saurari faifansa zai ji yadda yake ɗauko magana, yaransa su cafe su ƙarasa ta, kamar baki ɗaya ne ke furta ta.

Siyasa ce ta fito da shi daga Maradun. Bayan Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, jam'iyyu sun ga amfanin makaɗa wajen isar da saƙo ga talakawa. Ɗanƙwairo ya shiga hidimar Sardauna, ya yi masa waƙoƙi da dama. Kafa gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna a 1962 ya ƙara masa fage, domin muryar da a da sai a ƙofar fada ko filin sallah ake jin ta, ta shiga zaurukan mutane a ko'ina cikin Arewa.

Kisan Sardauna ran 15 ga Janairu na 1966 ya raba shi da babban ubangidansa. Makaɗa da yawa kan dusashe idan haka ta faru, amma shi bai dusashe ba. Ya koma ga sarakuna, ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, da wasu masu sarauta waƙoƙin da har yanzu ake sanyawa a gidajen rediyo.

Ɗalibai masu nazarin adabi za su lura da wani abu a cikin waƙoƙinsa wanda ya yi kusa da wasan kwaikwayo. Bayan ya yabi ubangida ya jero asalinsa, yakan juya ga zambo, ya siffanta ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, ko bafaden da ya cika rowa, da tafiyarsa da rawaninsa da halinsa, ba tare da ya kama suna ba. Masu sauraro kan ga mutumin kamar yana tsaye a gabansu.

'Ya'yansa sun ci gaba da kiɗan bayan rasuwarsa. Sai dai irin horon da ya samar da shi, inda yaro zai yi shekaru yana amshi kafin a ba shi gaba, yana ta raguwa. Saboda haka ya kamata hukumomin raya al'adu da gidajen rediyo da jami'o'inmu su tattara faya-fayansa, su adana su yadda ya dace, su kuma rubuta sunayen 'yan amshin da suka rufa masa baya, domin shi ma daga cikinsu ya fito.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.