Awa Keita, ungozomar Gawo

An haifi Awa Keita a Bamako cikin shekara ta 1912, zamanin da ƙasar Mali ke hannun Faransawa. Mahaifinta tsohon soja ne. Shi ya sa ta lakwal a 1923, ba da son mahaifiyarta ba, domin mutanen lokacin ba su ga amfanin boko ga ɗiya mace ba. A 1928 ta shiga makarantar likita ta Dakar, ta fito ungozoma a 1931, aka tura ta Gawo, nesa da dangi, tana da shekara 19.

Duk wanda ya taɓa riƙon ƙaramar likita shi kaɗai a Tanut ko Belbeji ya san irin wannan zama. Naƙuda ba ta san dare ba, kayan aiki ba su isa, kuma sai mutane sun yarda da ma'aikaci kafin su yarda da maganinsa. Da haƙuri Awa ta samu shiga gidajen Gawo, har mata suka saki jiki da ita.

A 1935 ta auri lokotoro Dauda Jawara, suka shiga jam'iyyar RDA a 1946. Auren ya mutu a 1949, don Allah bai ba su haihuwa ba, dangin miji kuwa suka matsa. Ita da ta karɓi ƴaƴan wasu da hannunta, rashin ɗa ya raba ta da ɗakinta.

Lokacin zaɓen 1951 ta tsaya wa jam'iyyarta tsayin daka a Gawo. Hukumar Faransawa ba ta kore ta ba, sai ta ɗauke ta zuwa Binyona, can ƙasar Senegal, daga baya aka kai ta Nara. Canjin wurin aiki ya zama bulala ke nan, amma matan Gawo masu juna biyu su ma sun sha dukan.

Wannan bai sanyaya mata jiki ba. Ta haɗa kan mata ma'aikata cikin sandika a Bamako a 1957, kuma a 1959 ta zama mace ta farko da aka zaɓa depite a ƙasarta. Bayan soja sun kifar da Modibo Keita a 1968 ta bar ƙasa, ta zauna Kongo. Littafin rayuwarta ya fito a 1975. Ta komo gida a 1979, ta rasu a Bamako ran 7 ga watan Mayu 1980.