LIKITA MILA (1872–1952): RAYUWARSA DA GUDUMMAWARSA GA RUBUTUN HAUSA

1.0 Gabatarwa

Duk mai bibiyar tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ba zai rasa cin karo da sunayen Turawa 'yan mishan ba, irin su J. F. Schön da C. H. Robinson da G. P. Bargery. Waɗannan mutane sun nazarci Hausa ne da nufin yaɗa addinin Kirista, amma ayyukan da suka bari sun zama wani ɓangare na tarihin harshen. Daga cikinsu akwai Walter Richard Samuel Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Wannan babi zai dubi rayuwarsa tun daga shigarsa birnin Kano a shekarar 1900, inda aka sallame shi cikin 'yan kwanaki, har zuwa komawarsa Kano bayan shekara talatin don kammala fassarar Littafi Mai Tsarki. Za a kuma duba abin da dagewarsa ta haifar, da inda burinsa ya gaza cika.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a Asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. A wancan zamani akwai wani yunƙuri mai ƙarfi a tsakanin ɗaliban manyan makarantun Ingila, inda matasa ke taruwa don addu'a, suna ɗaukar alkawarin sadaukar da rayuwarsu ga yaɗa bishara a ƙasashen waje. A daidai lokacin ne kuma labarin ƙasar Hausa ya fara bazuwa a Ingila, musamman bayan da C. H. Robinson ya ziyarci Kano a ƙarshen shekarar 1894, ya koma gida yana ba da labarin girman birnin da kasuwarsa da yawan masu magana da harshen. Miller ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila mai suna C.M.S., ya kuma ƙudurta cewa ƙasar Hausa ce za ta zama fagen aikinsa.

Da yake shiga ƙasar Hausa na da wuya ga Bature a lokacin, sai ƙungiyar ta tura shi tare da abokan aikinsa zuwa Tarabulus ta ƙasar Libiya don koyon harshen. Tarabulus ita ce ƙarshen hanyar ayarin da ke ratsa Sahara daga Kano, saboda haka akwai Hausawa a cikinta: fatake da mahajjata da 'yantattun bayi. A can ne ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda ya taimaka masa ƙwarai wajen gyara Hausarsa, daga baya kuma ya zauna a hannunsa.

3.0 Tafiyar Kano ta 1900

A farkon shekarar 1900 ayarin mutum biyar ya tashi daga Ikko ya nufi Kano a ƙarƙashin jagorancin Bishof Herbert Tugwell. Sauran su ne Likita Mila da A. E. Richardson da Dudley Ryder da J. R. Burgin. Sun yi watanni a hanya kafin su isa Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu bibbiyu. Sai dai hankalinsu na kan Kano, don haka ba su daɗe ba suka ci gaba. Sun shiga birnin a watan Afrilu.

Sarkin Kano na lokacin shi ne Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. Ya hau sarauta a 1894 bayan Yaƙin Basasa. Da aka kai baƙin gabansa, Likita Mila ne ya yi tafinta. Sun bayyana cewa sun zo ne su koyar, su kuma yi wa marasa lafiya magani. Sarki ya nuna musu cewa jama'arsa na da malamansu da Littafinsu, kuma ba shi da ikon ba su wurin zama sai da izinin Sarkin Musulmi. Ya ba su wa'adin kwana uku su bar masa gari.

Ya kamata ɗalibi ya fahimci dalilin wannan mataki. A ranar 1 ga Janairu ta wannan shekara Gwamna Lugga ya yi shelar cewa Arewacin Nijeriya ta shiga ƙarƙashin Ingila, sojojinsa kuma sun fara kutsawa arewa. A idon fadar Kano, babu wani abin da zai raba waɗannan Turawa biyar da masu bindiga da ke tafe a bayansu. Shi kansa Lugga bai ji daɗin tafiyar ba, domin yana ganin za ta dagula masa shirinsa. Bayan shekara uku, a Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka ci birnin Kano da yaƙi.

Ayarin ya juya kudu ya yada zango a Girku, wani gari a ƙasar Zazzau. A nan ne ciwon atuni ya kashe Ryder, rashin lafiya kuma ta tilasta wa Richardson komawa Ingila. Daga baya sauran suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Jaridun Ingila sun soki tafiyar da cewa ganganci ce. Duk da haka Likita Mila bai sauya niyya ba. A fahimtarsa, kira ne Ubangiji ya yi masa, kuma rufewar ƙofa ɗaya jarrabawa ce da ake haye ta da haƙuri da addu'a. A 1901 ya wallafa ɗan littafinsa na nahawu mai suna Hausa Notes, sannan ya sake komowa ƙasar Zazzau.

4.0 Zamansa a Birnin Zariya

A shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka ba shi izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Wannan dama ce da ba a saba ba wa ɗan mishan ba, domin a 1903 Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma a kan wannan alkawari aka dogara wajen hana 'yan mishan kafa tasha a biranen Musulmi. Likita Mila ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar kwana ta yara maza. Yakan sa tufafin Hausawa, kuma da Hausa ake gudanar da karatu da addu'o'in safe da maraice a gidansa.

Ta fuskar abin da ya kawo shi, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Mutane sun riƙa zuwa karɓar magani, malamai sun riƙa zuwa muhawara, amma waɗanda suka karɓi addininsa 'yan ƙalilan ne. Zamansa da hukuma ma bai yi daɗi ba. Gwamnonin da suka biyo bayan Lugga sun ɗauke shi a matsayin mai tada zaune tsaye, saboda yadda yake sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna da yadda yake kai ƙarar zalunci da cinikin bayi a ɓoye. Yana cikin waɗanda suka riƙa kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. Wannan ya bar tabo a zukatan Zazzagawa da yawa, domin Sarkin malami ne kuma fitaccen marubucin waƙoƙin Hausa. Haka nan wasu rubuce-rubucen Likita Mila sun ƙunshi kakkausar suka ga Musulunci da sarautar Fulani, abin da manazarta na baya suka nuna cewa akwai son zuciya a cikinsa.

5.0 Isawa da Zaman Gimi

A shekarar 1913 wasu mutane suka zo wurinsa daga ƙauyukan Zazzau, suka ce su almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim. Bisa ga abin da aka ruwaito da baki, wannan malami ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa (A.S.) cikin karatunsa, har aka yanke masa hukuncin kisa a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa kuma suka watsu zuwa ƙasar Ningi da ta Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Masana tarihi na ganin cewa asalin tafiyar tasu daga cikin Musulunci ta tsiro, ba daga wa'azin Turawa ba. Su kuwa 'yan mishan sun ɗauki zuwan waɗannan mutane a matsayin amsar addu'ar da suka daɗe suna yi, kuma daga birnin da ya kore su.

An tara waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu a wani ƙauye mai suna Gimi, ƙarƙashin kulawar W. A. Thompson, wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya afka wa ƙauyen, ya hallaka jama'a da dama, har dole aka tashe shi. Yaran da suka tsira aka mayar da su makarantar Zariya. Daga zuriyar waɗannan mutane ne aka sami kaso mai yawa na Hausawa Kirista na Zazzau.

6.0 Komawa Kano da Fassarar Littafi Mai Tsarki

A shekarar 1929 aka ɗauke mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, inda aka gina coci da makaranta da asibiti. Likita Mila bai so barin birni ba. Bayan wannan ƙaura ne ya koma Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya duƙufa kan kammala fassarar da ya shafe shekaru yana yi. Har a lokacin ba a yarda a gina coci a cikin ganuwa ba, Kirista kuma a Sabon Gari suke ibadarsu.

Ba shi ne ya fara wannan fassara ba. Schön ya fitar da Linjilar Matta tun 1857 da Sabon Alkawari a 1880, sai dai shi bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, kuma Hausarsa ba ta gamsar da masu harshen ba. Likita Mila ya yi aikinsa tare da malamai Hausawa da wakilan wasu ƙungiyoyin mishan kamar S.I.M. da S.U.M. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a karon farko.

Ga mai nazarin harshe, akwai abubuwa uku na lura a wannan aiki:

(a) Zaɓen kalmomi. Masu fassarar sun tarar da Hausa cike da kalmomin addini da ta aro daga Larabci, sai suka yi amfani da su: Allah, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi, gafara, Zabura. A wasu wuraren sun faɗaɗa ma'anar kalmomin da ake da su, kamar ceto da alheri da bishara da alkawari. Kalmar bangaskiya, wadda ta samo asali daga ba da gaskiya, ita ta tsaya a matsayin imani a bakin Kirista. Wasu kalmomin kuwa, kamar ikilisiya da baftisma, asalinsu Girkanci ne. Sun kuma zaɓi sunan Yesu maimakon Isa.

(b) Ƙa'idar rubutu. Likita Mila na cikin waɗanda suka matsa wa gwamnati ta fifita boko a kan ajami. An buga fassarar kafin haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) su zama ƙa'ida, kuma ana rubuta ch a inda yanzu ake rubuta c.

(c) Yaɗuwar harshe. Mafi yawan waɗanda suka karanta littafin ba Hausawa ba ne. Al'ummomin Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa ne suka ɗauke shi, har Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da addu'a a majami'unsu. An ci gaba da amfani da wannan fassara kusan shekara hamsin kafin a fitar da sabuwa.

7.0 Ɗalibansa da Ƙarshen Rayuwarsa

Makarantar da ya kafa ta yaye mutanen da suka yi fice. Akwai Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewacin Nijeriya kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko. Bayan komawar makarantar Wusasa ta yaye Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, wanda mahaifinsa daga cikin Isawa yake, da Janar Yakubu Gowon.

Likita Mila ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, amma bai rabu da Nijeriya ba. Ya rubuta littattafai da Turanci, ciki har da Reflections of a Pioneer (1936) da Have We Failed in Nigeria? (1947), inda ya soki mulkin mallaka kan sakaci da ilimin talakawa. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952 yana da shekara 80.

8.0 Kammalawa

Likita Mila ya shafe fiye da shekara hamsin yana fatan ganin biranen Hausa sun karɓi addininsa, hakan kuwa bai faru ba, domin Kano da Zariya sun ci gaba da zama cibiyoyin Musulunci kamar yadda ya tarar da su. Amfanin dagewarsa ya fito ta wasu fuskokin: ƙaramar al'umma ta Hausawa Kirista, rukunin 'yan boko na farko a Arewa, da littafin da ya kai Hausa bakin al'ummomin da ba harshensu ba ne. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Aikin ɗalibin Hausa shi ne ya auna wannan mutum da ma'aunin adalci, ya san abin da ya ƙara wa harshen, ya kuma san manufar da ta sa shi yin aikin.

Tambayoyi

1. Kawo dalilan da suka sa Sarkin Kano Alu ya ƙi ba ayarin Bishof Tugwell wurin zama a 1900.
2. Su wane ne Isawa, kuma mece ce alaƙarsu da birnin Kano?
3. Tattauna hanyoyin da masu fassarar 1932 suka bi wajen samar da kalmomin addini, tare da misalai.
4. Ta yaya wannan fassara ta taimaka wa yaɗuwar Hausa a wajen ƙasar Hausa?