Gilbert Lewis: Mai duba sikelin da ya zama babban malamin kimiyya

Duk wanda ke sayar da ruwan batir ko kanwa, a nan Djamboutou ko a babbar kasuwar Garwa, yana taɓa abin da masana ke kira asid da kishiyarsa bes. Yau mun kawo muku tarihin mutumin da ya fayyace cinikin da ke tsakaninsu.

An haifi Gilbert Lewis a shekarar 1875 a garin Weymouth na Amurka. Ya samu digirin dakta a Jami'ar Harvard a 1899, ya ƙaro ilimi a Jamus. A 1904 ya tafi Manila ta ƙasar Filifin, inda ya zama shugaban masu duba awo da sikeli, aikin da mu 'yan kasuwa muka san nauyinsa. A 1912 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

A 1916 ya bayyana cewa ƙwayoyin zarra suna manne da juna ne ta hanyar tarayya a kan ilektiron biyu, tamkar mutum biyu da suka haɗa jari. A 1923 ya ƙara da cewa bes shi ne mai bayar da ilektiron biyun, asid kuma mai karɓa.

Sau 41 ana gabatar da sunansa don lambar Nobel bai samu ba, alhali ɗalibansa irin su Harold Urey sun samu. A ranar 23 ga Maris 1946 aka tarar da gawarsa a ɗakin bincikensa.

Amma aikinsa bai mutu ba. A 2006 Douglas Stephan na Kanada ya gano cewa idan asid da bes suka cika girman jiki, ba sa iya haɗuwa, kamar mai saye da mai sayarwa da buhuna suka tare tsakaninsu. Sai su huce takaicinsu kan iskar haidirojin, su raba ta biyu, aikin da a da aka fi dogaro da ƙarafa masu tsada irin su filatinam wajen yin sa. Daga baya aka ga wasunsu ilektiron ɗaya tak suke miƙawa, sai a samu radikal, mai saurin cafke abin da ya tarar.

Har yau da sunan Lewis ake kiran waɗannan sinadarai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.